Kore da Ruwan Ɗorawa a Wayar Malam Talha

A Unguwar Marke, wani ƙauye da ke can bayan Maska, wuri ɗaya ne waya ke kama sabis, shi ne kan dutsen bayan makarantar firamare. In ka hau za ka ga gonakin gari shimfiɗe a ƙarƙashinka, ka ga rafi, ka ga bakin dajin da 'yan bindiga ke ɓullowa. A da samari ne ke cika dutsen da yamma, kowa da waya a kunne yana shirga wa budurwa ƙarya. Tun da aka fara satar mutane hawan ya ragu, don duk wanda aka hango a sama yana waya, sai an tambayi wa yake kira. Mutum ɗaya ne bai daina ba, Malam Talha, malamin makarantar, mutumin Bakori, wanda ke auren Lauratu 'yar Alhaji Aƙilu dillalin hatsi. Kullum da safe kafin a buga ƙararrawa sai ya hau, ya sunkuya kan wayarsa, ya sauko.

Alhaji Aƙilu ya sha ganinsa, abin kuma ya sha tsaya masa a rai. To amma wa zai tsare surukinsa ya ce me kake yi a kan dutse? Tsakaninsu gaisuwa ce. Talha ya tuɓe takalmi tun daga nesa ya durƙusa, Alhaji ya kau da kai ya amsa, kowa ya kama gabansa. Ita kuwa Lauratu 'yar fari ce, ko sunanta ba ya faɗa, balle ya zaunar da ita ya tambaye ta sha'anin mijinta.

A daminar nan, lokacin da masara ta kai ta ɓoye mutum a tsaye, aka ɗauke wani manomi, Ummaru, a gonarsa ta bakin rafi da rana tsaka. Fartanyarsa da takalmi ɗaya aka tarar. Gari ya yi tsit, mutum na yi wa maƙwabcinsa sallama yana kallon aljihun da wayarsa take.

Ba a jima ba, wata safiya Alhaji na zaune a zaure yana jiran mai babur ya kai shi Funtuwa, sai ga Lauratu ta faɗo, hijabi a juye, ƙafa ba takalmi.

"Baba, sun kama shi. 'Yan sa-kai. Sun ce infoma ne."

Infoma shi ne ɗan gari da ke sayar da gari, mai gaya wa mutanen daji wa ya sayar da shanu, wa ke noma shi kaɗai. Kuma shi Alhaji ya yi yawon kasuwanni, ya san wanda aka liƙa wa wannan sunan ba a kai shi ofishin 'yan sanda. Bayan dutse ake zagayawa da shi, a dawo ba shi.

"Zauna," ya ce. "Ke yarinyar nan, bar kukan, ba lokacinsa ba ne. Me ke cikin wayar?"

"Wasa ne, wallahi Baba, wasa ne kawai."

"Wane irin wasa babban mutum zai hau dutse kullum saboda shi?"

Ta yi masa bayani tana shessheƙa. Kullum wayar kan ɓoye kalmar Turanci guda mai harafi biyar, mutum ya yi ta cinka, sau shida ake ba shi. In ya rubuta wata kalma, 'yan akwatunan da haruffan ke ciki sai su sake launi. Kore, harafin na nan kuma a gurbinsa yake. Ruwan ɗorawa, yana nan amma ba nan ne gurbinsa ba. Toka-toka, babu shi sam. In ya gama sai ya tura akwatunan wa abokinsa Abdulrahman da ke Zariya, shi ma ya turo nasa, su yi ta yi wa juna tsiya.

"Da rubutun yake turawa?"

"A'a, launin kawai. In ya tura da rubutun ai ya gaya masa amsar."

Alhaji ya runtse ido. Launi ba rubutu, ana turawa daga kan dutsen da ke kallon daji. Ko shi aka kawo wa wannan labarin a kan surukin wani, ya san abin da zai ce.

"Da zai hau suka tare shi, ko da ya sauko?"

"Da zai hau."

"To na yau bai buga ba kenan."

Ya miƙe ya zura babbar riga, ya ce ta shiga wajen uwarta kada ta leƙo.

A gindin tsamiyar ƙofar gari ya same su. Mai unguwa yana can Malumfashi yana jinya, ba wani babba a wurin. Talha na zaune a ƙasa, an ɗaure masa hannu ta baya da igiyar tumaki, leɓensa a fashe, farar rigarsa duk jar ƙasa. Da ya hango surukinsa sai ya yunƙura zai gyara zama ya gaishe shi, wani ya danne masa kafaɗa da gora. Rabe, shugaban 'yan sa-kai, shi ke riƙe da wayar, bindigar toka a rataye. Kusa da shi Kamalu ne, ƙanen Ummarun da aka ɗauke, idonsa ja kamar wanda ya kwana a hayaƙi.

Alhaji bai yi magiya ba. Ya daɗe a kasuwa, ya san in ka nuna kana mutuwar son kaya, ka rasa su. Ya yi sallama, ya gaisa da kowa, har ya tambayi Rabe jikin tsohuwarsa. Sannan ya ce, "Na ji an yi kamu. A nuna mini in gani, ni ma ina da gona a garin nan."

Kamalu ya fizgi wayar ya kai masa har hanci. Layi-layi ne na 'yan akwatuna, biyar-biyar, wasu kore, wasu ruwan ɗorawa, wasu toka-toka.

"Ƙirga, Alhaji. Gonaki nawa ne a bakin rafi?"

"Biyar."

"Ta Liman, ta Mahadi, ta Yaya Ummaru, taka, ta Rabe. To duba na ranar da aka ɗauke shi." Ya ja hoton da yatsa. "Layin farko. Wanne ne kore?"

Na uku ne. Shi kaɗai, sauran duk toka.

Alhaji ya saci kallon Talha. Me ya sani game da yaron nan, in ban da ladabi da yawan karatu? Albashin malamin makaranta kuwa kowa ya san yadda yake. Ya taɓa ganin mutumin da ba ya rasa sahun gaba a masallaci, ashe shi ke kai wa daji burodi da fetur. Idan fa yarinyar nan ita ma rufe ta aka yi?

"Baba," Talha ya ce, muryarsa ba ta fita sosai, "wasa ne. Na gaya musu."

"Ba da kai nake ba," Alhaji ya ce, bai dube shi ba. Ya juya ga Rabe. "Rabe, ubanka abokin darata ne, Allah ya ji ƙansa, ya mutu ina binsa ci. Abin da na sani a wasa guda ne. In wasa ne, duk wanda ya zauna zai buga, ba sai mai shi ba. In kuwa saƙo ne, sai wanda ya san maganar. Dutse za ku kai shi ko ta yaya, na sani, kun sani. To ku tsaya a sama kafin ku gangara baya. A buɗe abin, ɗayanku ya buga da hannunsa, shi kada ya taɓa. In ya tabbata shi ya sayar da Ummaru, ni zan juya baya in sauko, ba za ku ji bakina ba."

Da ya faɗi haka, ya san alkawari ne ya ɗauka a gaban mutane.

"Jan lokaci ne kawai," in ji Kamalu.

"Hanyarmu ce ai," in ji Rabe. "A tashe shi."

Suka bi ta bayan makaranta. Yara sun watse tun da safe, allo na nan da rubutun jiya. Alhaji na hawa yana haki, gwiwa na ƙara, ba wanda ya miƙa masa hannu. A sama iska na kaɗawa, masara na sheƙi har bakin daji. Daga gefen can dutsen ya gangara cikin wani kwazazzabo mai sarƙaƙiya. Alhaji ya kalle shi sau ɗaya, bai sake ba.

Sabis ya ƙi zuwa. Rabe ya ɗaga wayar sama, ya juya gabas, ya juya yamma. Wani cikin yaransa ya ce, "Ta san asirinta zai tonu." Aka yi 'yar dariya maras daɗi. Alhaji na ta jan salati a zuci yana kallon wani ɗan zobe da ke juyawa a fuskar wayar, yana juyawa, kamar ba zai tsaya ba. Can sai ga akwatuna sun fito, layi shida, duk farare, ba komai a ciki.

"Ba ni," in ji Kamalu. Ya danna haruffa biyar yadda yatsa ya faɗa, ya danna inda Talha ya nuna masa da haɓa. Layin ya girgiza, ya tsaya fari.

Ya sake. Layin ya sake girgizawa.

"Kun gani? Ta ƙi hannuna. Hannun mai ita kawai ta sani."

Alhaji ya ji ƙarar ƙarfe a bayansa, wani ya ɗana kunamar bindiga. Ya ce a ransa, shi ke nan, na kawo shi da kaina har bakin rami.

"Sai kalma ta gaske," Talha ya ce da sauri. "Ba ta karɓar haruffa barkatai. Kowace kalma, in dai biyar ce, kamar..."

"Rufe bakinka, Malam." Alhaji ne ya daka masa tsawa, karo na farko tun da aka ɗaura aure. "In ka faɗa za su ce kai ka shirya. Su nemo tasu."

Sai ga garada sun tsaya cirko-cirko, kowa da makami, ana neman kalmar Turanci. Wani ya faɗi sunan baburinsa, wayar ta ƙi. Wani ya faɗi zagin da soja ya taɓa yi masa a shingen hanya, aka ƙirga, harafi ya yi yawa. Daga ƙarshe Rabe ya laluba aljihu ya zaro ledar ruwan da ya sha rabi. Kalma biyu ce manya a jiki. Ya ƙirga ta farko, huɗu. Ta biyu, biyar. Rabe ya taɓa zama aji, ko da bai daɗe ba. Ya shimfiɗa ledar a cinya, ya dinga duban harafi yana nemansa a waya, ɗaya bayan ɗaya, har ya rubuta WATER. Ya danna.

Akwatunan suka juya ɗaya-ɗaya. Toka. Toka. Ruwan ɗorawa. Toka. Ruwan ɗorawa.

Alhaji ya san abin da zai faɗa yanzu zai iya kunyata mai bindiga a gaban yaransa, kuma mai bindigar da ya ji kunya ba a san inda zai huce ba. Ya sassauta murya kamar mai tambayar farashin dawa.

"Rabe, taimaka mini da lissafin Kamalu, ni ban yi boko ba. Ta uku ta Ummaru ce. Ta biyar kuma ta wa?"

Wani daga baya ya ce, "Tasa ce."

"To kai da hannunka ka shafa wa gonarka launi. Nawa suka ba ka?"

Rabe ya ɗago ya zuba masa ido. Alhaji ya tsaya bai ƙifta ba. Sai gefen bakin Rabe ya ɗan motsa, ya mayar da kai kan wayar.

"Ledar ma wa ya san inda ta fito," Kamalu ya ce. "Ba ni. Ni ma ina da tawa." Ya yi shekaru yana sayar da shayi a tashar Funtuwa, rubutun kwalin sukari ya zauna masa a ka. Ya rubuta SUGAR yana danna wayar kamar zai huda ta. Na farko ya juya kore. Uku suka yi toka, na ƙarshe ruwan ɗorawa.

"Kore a gonar Liman," wani ya ce a hankali. "Kamalu, kai ma?"

"Ku yi mini shiru." Kamalu ya ɗaga wayar. "To na ji, launi na fitowa. Amma wanda ake tura wa fa? Wa ya san shi? A tura masa mu ji abin da zai ce."

"Ba ya turuwa sai an gama," in ji Talha.

Rabe ya sa wuƙa ya yanke igiyar, ya miƙa masa wayar, ya tsaya a kansa. "Gama. Ina kallon yatsanka."

Hannun Talha ya kumbura. Aikin da ke gabansa, yadda ya faɗa musu, ya nemo kalma mai harafi biyar da ta fara da harafin farko na sukarin Kamalu, tana kuma ɗauke da biyun da ruwan Rabe ya nuna. Mutumin da ke koya wa yara Turanci kullum, sai ga shi ya buɗe baki ba abin da ya fito. Can ya fara gunguni kamar mai bitar hadda. "Start. Stork. Storm. Strip." Duk kusan sauti ɗaya a kunnen Alhaji, kamar ana kiran 'ya'yan gida ɗaya.

Ya rubuta ɗaya, kore uku suka fito. Ya rubuta wata, kore ukun nan dai, ya yi asarar layi don tsoro. Na biyar, kore huɗu, na biyu kaɗai ya rage toka. Sai ga 'yan sa-kai sun matso sun kewaye shi, kawuna a haɗe, wani har ya jingine bindigarsa da dutse. "Saura ɗaya, Malam, yi a hankali," in ji wanda ya danne shi da gora ɗazu.

Talha ya goge jinin leɓensa da kafaɗa, ya rubuta ta ƙarshe. Kore. Toka. Kore, kore, kore.

Ya faɗi wasan, layukan sun ƙare. Wayar ta nuna masa amsar a sama, ya dube ta ya yi wani sauti, ba dariya ba, ba kuka ba.

"Mai bugawa kullum ya kasa?" Kamalu ya ce. "Wannan ne gwanin?"

"Kamalu," in ji Alhaji, "ɗaure ni tun safe, ka fasa mini baki, ka tsaya a kaina da bindiga, sannan ka ce in ci ka dara. A tura."

Rabe ya tura da kansa. Aka koma jira. Wannan jiran ya fi na ɗazu tsawo a wurin Alhaji, don yanzu ran yaron na hannun wani baƙo a Zariya da bai san ana yi ba. In ya turo kalma ɗaya mai harshen damo, ko ya yi shiru, kwazazzabon nan na nan. Hadari ya fara haɗowa ta gabas. Sabis ya ɗauke, ya dawo.

Wayar ta yi ƙara. Akwatuna ne suka fara shigowa, layi huɗu, na ƙarshe kore zalla. Sai saƙon murya. Rabe ya danna, ya ƙara sauti.

"Malam Talha, Malam Talha," wata murya ta ce tana dariya, ana jin hon na keke napep da kukan jariri a bayanta. "Yau Bakori ta ji kunya. Malamin Turanci guda, layi shida, ka tashi a tutar babu? Ni a na huɗu na kama ta ina shan koko. Layinka biyu na farko ma kamar ba kai ba, ko Lauratu ka ba ta buga maka? Ka gaishe ta, ka ce ta rage maka tuwon safe, yana toshe maka kai."

Muryar ta ƙare.

Rabe ya sake sauraro tun daga farko. Sannan ya kashe, ya goge fuskar wayar da gefen rigarsa, ya miƙa wa Talha da hannu biyu. "Malam, ka yi haƙuri. Ka ga yadda garin yake."

Kamalu ya zauna daɓas a kan dutse, adda a tsakanin ƙafafunsa. "To wa ya sayar da yayana?" ya ce. Ya ɗago yana bin fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya, kuma Alhaji ya lura idon ya sake tsayawa a kan Talha kafin ya wuce.

Da suka sauko suka rabu da jama'a, Talha ya tuɓe takalmi zai durƙusa.

"Tashi, Malam. Je ku haɗa abin da babur zai ɗauka. Yau a Bakori za ku kwana."

"Baba, ai sun gane. Ga makaranta, yara na da jarrabawa."

"Yau sun gane. In aka sake ɗaukar wani gobe, ba wanda zai tuna da ledar ruwa. Za a tuna da wanda aka taɓa ɗaurewa."

Mai baburin da ya zo kai Alhaji Funtuwa shi ya ɗauke su bayan azahar, Lauratu a baya da ƙullin kaya a cinya. Alhaji ya tsaya a ƙofar gida har masara ta haɗiye su. Hanyar nan ta ratsa gonaki kafin ta hau kwalta, kuma a nan ake tare mutane.

La'asar ta yi, ya kasa zama. Lauratu ta ce za ta kira in sun isa, to ina kiran zai same shi a cikin zaure? Ya ɗauki 'yar wayarsa mai tocila ya nufi bayan makaranta. Da ya kai gindin dutsen sai ya tsaya. Wasu mata biyu da ke dawowa daga rijiya sun rage tafiya suna kallonsa, shi da wayar.

Ya mayar da ita aljihu, ya juya, ya tafi ƙofar gidan Rabe ya yi sallama.

"Zo ka raka ni dutse," ya ce. "Kai za ka riƙe wayar."